Tayi Sau Ɗaya

A gaɓar yamma, inda iskar teku ba ta san hutu ba, ba a karɓar abu a tayin farko. Haka Verner Toft ya buɗe ido ya tarar. Idan matar gida ta miƙo maka farantin kek, sai ka ce, "A'a, na gode, a ƙoshe nake." Ta sake miƙowa, ka ce, "Kai, bai kamata ba." A na uku ne za ka ɗauki yanki, kana ɗan yamutsa fuska kamar don kada ranta ya ɓaci ka ɗauka. Wanda ya kai hannu tun a tayin farko, ba mai ce masa uffan, amma za a riƙa ba da labarinsa har a wurin shan kofin jana'izarsa.

Verner bai taɓa zaton wannan tarbiyya za ta kayar da shi a jarrabawa ba.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya ajiye jakar makaranta ya kama gyaran injinan jiragen kamun kifi a tashar Hvide Sande. A can ya yi gemu, a can gemun ya yi furfura. Da ya haura hamsin, kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji, likita kuma ya goyi bayan kafaɗar. Sai Mogens, wanda suka sha kwanciya a ƙarƙashin inji tare tun suna samari, yanzu kuma shi ke riƙe da sashen kanikanci a kwalejin koyon sana'a ta cikin gari, ya zo har gida ya same shi.

"Ka zo ka koya wa yarana," in ji Mogens. "Littafi suna da shi, kunne ne babu. Kai kuwa daga ƙarar inji kake jin ciwonsa. Sai dai doka ta ce malami sai da takardar kammala babbar sakandare."

"To, ai magana ta ƙare."

"Ina ta ƙare? Hawa na sama, bisa shagunanmu, ajin manya ne. Darasi ɗai-ɗai ake ɗauka, da safe ko da yamma, ko ma daga gida. Ka yi ta tarawa har su cika."

Verner ya ce zai duba. A bakin mutumin gaɓar yamma wannan alkawari ne.

Ya tara su kuwa, damina bayan damina. Lissafi da kimiyya ba su wahalar da shi ba, don ko a jarrabawar baka akwai allo, hannu ya yi magana baki ya huta. Harshen ƙasa da Ingilishi ya haye su da ƙyar, da ƙarfin rubutu. Ajin ma ya shiga ransa fiye da yadda zai iya faɗa. Akwai Jytte, direbar bas mai son zama ma'aikaciyar jinya, wadda ke zuwa da rigar aikinta ta zauna a gaba. Akwai Tesfay, wanda ya koyar da yara a ƙasarsu kafin ya zo nan ya koma ɗalibi, bai kuma taɓa nuna abin ya ci masa rai ba. Ba mai tambayar wani me ya hana shi gamawa da wuri. Ana jin ƙarar walda daga ƙasa, ana karatu a sama. Verner yana zama kusa da taga, yana saurare.

Daga ƙarshe saura tarihi kaɗai. Tarihi kuwa ba allo, ba alli, sai kai da bakinka.

Malamar tarihin, Gunver, gajeruwar mace ce mai zuwa aiki a keke ko iska na tumɓuke alluna. Da sunanta kowa ke kiranta. Ta iya jira. Idan ta yi tambaya sai ta jingina da teburi ta yi shiru har wani ya ji nauyi ya amsa. Da Verner dai, yawanci ita ke fara gajiya.

Ranar jarrabawar, cikin Disamba, ya shiga ya tarar da teburi an lulluɓe shi da koren ƙyalle, da butar ruwa, da 'yan takardu a kife. Ya zari ɗaya. Tambayar a kan manoman dā ce, yadda suka haɗa kai suka kafa gidajen sarrafa madara nasu na kansu. Ya san abin kamar yunwar cikinsa. A ɗakin shiri, inda ake ba ɗalibi lokaci ya tsara amsarsa, ya cika takarda ciki da baya.

Da ya dawo, Gunver na gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma baƙon da aka turo daga Kopenhagen, babban birnin ƙasar da ke can gabas, don sa maki, dogo mai tabarau, mai fara'a. Verner ya faɗi jimla biyar ko shida, yadda mutumin kirki ke fara ɗaukar ɗan ƙaramin yankin kek. Sai ya tsaya.

"Madalla," in ji baƙon. "Akwai abin da za ka ƙara?"

"A'a, na gode. Ina ganin ya isa haka."

Ya gyara zama yana jiran tayi na biyu. Baƙon ya dubi Gunver. Gunver ta jefo tambaya, ya ce, "Yana yiwuwa." Ta jefo wata, ya ce, "Ba zan musa ba." A wurinsa kowace tambaya sabon faranti ce, kowanne kuma sau ɗaya aka miƙo. Takardar da ya cika tana ƙarƙashin tafin hannunsa. Can baƙon ya rufe alƙalaminsa ya ce sun gode.

Sifili aka ba shi.

Gunver ta biyo shi har bakin matakala. Ba ta ɗaga murya ba, amma kunnuwanta sun yi ja.

"Verner, na ga abin da ka rubuta a ɗakin shiri. Me ya hana ka faɗa?"

"Ai bai sake tambaya ba."

"Wa?"

"Baƙon. Sau ɗaya ya ce ko akwai ƙari."

Gunver ta rufe ido. Aure ne ya kawo ta yankin, amma ta daɗe a cikinsa har ta san al'adarsa.

"Wayyo ni. Verner, wannan teburin jarrabawa ne, ba teburin kofin surukarka ba. A nan ba a lallashi. Ni doka ta hana ni in yi maka ɗura, shi kuma bai ma san ana yi ba." Ta numfasa. "Akwai wata a watan Yuni. Na riga na sa sunanka, ban kuma tambaye ka ba, don na san abin da za ka ce."

Mogens ya tare shi a ƙasa yana goge hannu da tsumma. Ya ce gurbin malamin zai iya jira har Agusta, bayan nan kuma ba a hannunsa yake ba, dole a ɗauki wani.

A gida matarsa Bodil, wadda ke girki a gidan kula da tsofaffi, ta riga ta ɗora kofi. Ƙanenta Aksel na zaune ya miƙe ƙafa, masunci ne mai bakin da ya fi jirginsa girma. Verner ya ba da labarin a taƙaice. Aksel ya yi dariya har ya sarƙe.

"Jira ka yi mutumin Kopenhagen ya roƙe ka? Surukina, waɗannan ko gobara ce sau ɗaya suke faɗa maka!"

"Rufe mana baki," in ji Bodil. "Kai da ko lasisin tuƙi sai da aka yi maka sau uku."

"Ni dai ba don kunya na faɗi ba, don rashin sani ne. Akwai mutunci a wannan."

Bodil ta juya wa ƙanenta baya. Ta daɗe tana kallon mijinta. Sannan ta ɗauko farantin kek ɗin kirfa, wanda ya fi so, ta miƙa masa.

"Za ka ci?"

"A'a, na gode, a ƙoshe nake."

Ta juya ta mayar da farantin cikin kabad ta rufe.

Verner ya dubi ƙofar kabad ɗin. Ya dubi matarsa. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

"Daga yau," in ji Bodil, "a gidan nan tayi ɗaya ne. Har Yuni."

Ya ɗauka wasa take yi. Da safe ta ce, "In ƙara maka kofi?" Ya ce, "Kai, bar shi." Ta juye sauran a kofinta. Da rana ta ce ko ya ƙara dankali, ya ce ya isa, ta kwashe tukunyar. Bakinsa ke riga shi amsawa, kafin cikinsa ya sa baki an wuce wurin. Ba ta hana shi abinci ba, abin da aka zuba masa na farko nasa ne. Ƙari ne kawai ya ƙaura daga rayuwarsa, shi kuwa duk tsawon aurensu a kan ƙari yake rayuwa bai sani ba. A cikin Janairu ya matsar da belinsa rami ɗaya.

"Mace, wannan zalunci ne," ya ce wata rana, yana kallon ƙwallayen naman da suka rage tana rufe su.

"Na tambaye ka, tsoho."

"Sau ɗaya."

"Mutumin Kopenhagen sau nawa ya yi?"

Abin bai tsaya a gida ba. Bodil ta faɗa wa matar mai gidan biredi, ta faɗa wa maƙwabta. Aksel ya kai labarin tashar jirage, inda tsofaffin abokan aikin Verner suka riƙa miƙo masa kwalin biskit su janye da sauri suna ƙyaƙyatawa. Har ajin manya labarin ya isa. Jytte ta zo da kek ranar haihuwarta, ta tsaya a kansa.

"Baba Verner, ni bas nake tuƙawa. In na tsaya a tasha ba ka hau ba, na wuce. Za ka ci?"

Ya buɗe baki. "A'a, na…"

"Ta wuce!" in ji ajin gaba ɗaya.

Tesfay ya matso ya raba nasa biyu a ɓoye. "A wurinmu ma haka ne," ya ce a hankali. "Shekarata ta farko a ƙasar nan da yunwa na yi ta."

Gunver kuwa ta sauya salo. A ƙarshen kowane darasi sai ta shimfiɗa wani tsohon koren labule a kan teburi, ta zaunar da ɗalibi ɗaya, ta yi masa tambaya, sannan ta ce, "Akwai ƙari?" Ta ce musu faɗin abin da ka sani ba fariya ba ne. Ta dubi Verner ta ƙara da cewa yaron da ke tsaye gaban inji bai san inda zai sa hannu ba, ba zai tambayi malaminsa sau uku ba, ko sau ɗaya ma da wuya. Verner ya tafi da maganar gida, ya yi ta juya ta a cikin bas.

Ranar da abin ya fara karyewa, a gidan Oda ne, mahaifiyar Bodil, ranar cikarta shekara tamanin da biyar. Dangi sun cika falo, teburi ya cika da kek iri-iri. Tsohuwar ta yi rantsuwa ba za ta bi wannan sabuwar doka ba, ta ce ita ba a haife ta a otel ba. Bodil ta lallaɓa ta har ta yarda. Oda ta zo gaban Verner da babban kek mai kirim, fuskarta kamar wadda aka aika ta yi sata.

"Verner, ɗana, za ka ci?"

Ya ji "a'a" ta taso har maƙogwaro. Ya haɗiye ta. Ya dubi kek ɗin.

"E. Zan ci."

Wani cokali ya faɗi ƙasa. Oda ta zuba masa ido, sannan ta juya wajen 'yarta.

"Bodil, ashe yunwa kike barin bawan Allahn nan da ita?"

Ta yanka masa yankin da ya kusa rabin faranti. Aksel ya tashi tsaye ya ɗaga kofinsa ya ce a rubuta ranar nan, surukinsa ya zama ɗan birni. Verner ya ci kek ɗinsa, wuyansa ya yi ja, ya kuma lura rufin gidan bai faɗo ba.

Daga nan ya riƙa samu yana rasawa. Wata rana ya ce e, wata rana tsohon bakin ya riga shi.

Cikin Mayu aka kawo farar hular masu kammalawa a kwalinta. Ba a gwada ta kafin a fito daga jarrabawar ƙarshe, kowa ya san haka. Aksel ya yi ta zuga shi.

"Ɗan ɗora ta mana mu gani, ko ta shiga wannan ƙaton kan."

"A'a."

"Ka ga, nan kam a'ar ta yi amfani," in ji Bodil, ta ɗauke kwalin ta kai saman kabad.

Ranar jarrabawar rana ta fito tas, iska ta lafa. Barandar hawa na sama ta cika da iyaye riƙe da huluna da jajayen furanni, suna jiran 'ya'yansu. Bodil ta zauna a cikinsu da kwalin a cinya. Wata mata ta tambaye ta ko ɗa take jira ko 'ya.

"Wani yaro ne mai furfura," in ji ta.

Koren ƙyallen na nan, butar ruwan na nan. Baƙuwar wannan karon mace ce, ita ma daga gabas, mai saurin magana. Verner ya zari takarda. Ba manoman madara ba ne. Tambaya ce a kan dubban mutanen da suka bar ƙasar suka haye teku zuwa Amurka a zamanin kakanni, me ya kore su, me ya ja su. Bai san wannan kamar waccan ba. Ya shiga ɗakin shiri ya rubuta abin da ya iya.

Ya dawo ya zauna. Ya fara da 'ya'yan manoma da gona ba ta ishe su ba, babba ya gaje, ƙanana su zama barori a gonar wani. Ya faɗi wannan a jimla kaɗan. Sai ya ji bakinsa ya rufe da kansa, yadda ya saba.

Baƙuwar ta ɗago kai daga rubutunta.

"Akwai ƙari?"

Gunver ta sunkuyar da kai tana kallon ƙyallen. Ko motsi ba ta yi ba.

"A'a," in ji Verner.

Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Ya ga hannun baƙuwar ya nufi murfin alƙalami. A idonsa sai ya ga ƙofar kabad tana rufuwa.

"Wato, e," ya ce, da ƙarfin da ya sa butar ruwa ta ɗan girgiza. "Akwai. Da ɗan dama ma."

Baƙuwar ta janye hannunta. "To, bismilla."

Ya ɗaga tafinsa daga kan takardar. Ya yi maganar wasiƙun da waɗanda suka riga tafiya ke aikowa, masu sa ƙauye guda ya kasa barci. Ya yi maganar dillalan kamfanonin jirage da ke yawo kasuwa-kasuwa, da 'yan matan da suka gwammace aikatau a can da aikatau a nan. Ya rikita wata shekara, baƙuwar ta gyara masa, ya ce, "Haka ne, na kuskure," ya ci gaba. Ta tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba, amma ga abin da yake zato da dalilinsa. Muryarsa ta dushe don ba ta saba doguwar tafiya ba. Gunver ta tura masa kofin ruwa ba tare da ta tambaye shi ba. Bai ankara ba sai ya ji baƙuwar na cewa lokaci ya cika.

Suka sa shi ya jira a waje. Bodil ta dube shi, shi kuma ya dubi takalmansa. Da Gunver ta buɗe ƙofa ta kira shi, bai daɗe a ciki ba.

"Bakwai," ya ce wa matarsa da ya fito.

Bakwai tsakiyar ma'auni ne, ba sama ba, amma nesa da bakin rami. Bodil ta buɗe kwalin. Sai da ya sunkuya sosai kafin ta kai, kafaɗar na yi masa tsiya. Ta ɗora masa hular, ta gyara ta, ta matsa baya ta duba. Iyayen da ke barandar suka tafa. Jytte, wadda ta fito tun da safe da tata hular, ta rangaɗa guɗa irin ta direbobi. Gunver ta ba shi alƙalami ya rubuta makinsa a cikin hular kamar yadda ake yi.

"Ba laifi," in ji Bodil. A gaɓar yamma ba yabon da ya wuce wannan.

Suna saukowa Mogens na tsaye a ƙofar shago, yara masu shuɗin kayan aiki na leƙe a bayansa. Ya dubi hular.

"Litinin ta farko a Agusta. Za ka zo?"

"E."

"Kai! Haka kawai?" Mogens ya dubi Bodil. "Me kika yi masa?"

A gida ta yi kek mai sabbin 'ya'yan itacen bazara da kirim. Oda ta zo, Aksel ya zo yana cewa shi dama ya san za a ci, shi ne ma ya ba da shawarar. Verner na zaune a kan teburi da hular a kansa, don an ce ba a cire ta ranar farko. Bodil ta yanka, ta zagayo, ta tsaya a gefensa.

"Za ka ci?"

Ya ɗago ya dube ta. Yuni ya zo, jarrabawa ta wuce.

"A'a, na gode," ya ce. "A ƙoshe nake."

Aksel ya dafe kai. Bodil ta tsaya da farantin a hannu, gefen bakinta na motsi.

"Haba, ɗan kaɗan dai."

"Kai, bai kamata ba."

"Don ni, tsoho. Tun asuba nake kansa."

"To," in ji Verner, ya miƙa farantinsa. "Tunda kin matsa."